Shekara 40 a kan ra'ayi ɗaya: juriya ce ta kai Hinton, ko akwai abin da ba a faɗa?

Zainab:
Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Akwai maganar da ta hana ni sukuni kwana biyun nan, na ce bari in kawo ta gabanku. Ina shirin miƙa tsarin binciken digirina na uku. Abin da raina yake so shi ne yadda za a sa ƙaramar manhaja ta koyi abu daga bayanai 'yan kaɗan. Malamin da ke duba aikina kuma ya ce in ajiye wannan, in koma kan manyan manhajojin harshe, domin can ne tallafi yake, can ne mujallu suke karɓar maƙala.

Ina cikin wannan damuwa na zauna na bi tarihin Geoffrey Hinton. Ya shiga Jami'ar Edinburgh a 1972 yana son ya fahimci yadda ƙwaƙwalwa ke koyo, ta hanyar gina ragar jijiyoyin wucin gadi a cikin kwamfuta. Duniyar ilimi ba ta sallama masa ba sai 2012. Shekara 40 ke nan. Yau yana da lambar Turing, babbar lambar yabo ta kimiyyar kwamfuta, yana da Nobel. Tambayata: darasin da ke cikin rayuwarsa shi ne ɗalibi ya kafe a kan abin da ya yi imani da shi? Ko ina yaudarar kaina ne da labarin mutum ɗaya?

Nasiru:
Wa alaikumus salam, Yaya Zainab. Ki kafe! Shi ma Hinton malaminsa, Christopher Longuet-Higgins, ya riga ya dawo daga rakiyar ragar jijiyoyi a lokacin, ya fi yarda da hanyar rubuta wa kwamfuta ƙa'idojin tunani ɗaya bayan ɗaya. Hinton da kansa ya sha ba da labarin yadda yake roƙonsa ya ƙara masa wata shida. Da ya bi maganar malamin, wa zai san sunansa yau? Mahaƙurci mawadaci.

Malam Bashir:
Nasiru, sannu da ƙoƙari, amma ka yi saurin yanke hukunci a kan rayuwar wata. Zainab, tambayarki ta biyu ita ce tambayar. Mun san Hinton ne saboda ra'ayinsa ya ci. A shekarun nan 40 akwai mutane masu kaifin basira da suka kafe a kan wasu ra'ayoyin da irin wannan zuciyar, abin bai yi ba, suka yi ritaya shiru. Ba mai rubuta tarihinsu. Idan kika ɗauki wanda ya tsallake shi kaɗai kika ce ga hanya, kin manta da waɗanda ruwa ya ci a mashigi ɗaya.

Sannan mu faɗi gaskiya game da inda ya fito. An haife shi a Landan a 1947 cikin gidan ilimi. Mahaifinsa, Howard Hinton, babban masanin ƙwari ne. George Boole, wanda lissafin mantiƙinsa ke ƙarƙashin kowace kwamfuta, kakan kakansa ne. A Cambridge ya yi ta sauya fanni har ya fita da digiri a ilimin halayyar ɗan Adam a 1970, ya je ya yi aikin kafinta na ɗan lokaci, ya dawo. Ba kowane ɗalibi ne ke da sararin yin wannan yawo ya dawo ya tarar da ƙofa a buɗe ba.

Baffa Sule:
Ku yi mini afuwa, ni ba ɗan fannin ba ne, lissafi na koyar har na ajiye alli. Kafin ku yi nisa: me ya sa aka ƙi ra'ayin tun farko? Mutanen wancan zamani ai ba wawaye ba ne.

Malam Bashir:
Allah ya ƙara girma, Baffa. Ba wawaye ba ne ko kaɗan, kuma suna da hujja. A 1958 Frank Rosenblatt ya fito da wata na'ura mai koyo daga misalai. Aka yi ta kururuta ta a jaridu. A 1969 Marvin Minsky da Seymour Papert suka fitar da littafi suka nuna da lissafi cewa irin wannan raga mai hawa ɗaya, wato sahu ɗaya na jijiyoyi masu koyo, akwai abubuwa masu sauƙi da ba za ta taɓa iyawa ba. Misalin da kowa ya sani: ka ba ta abu biyu, ka ce ta amsa e idan ɗaya ne kawai a kunne, ta amsa a'a idan duka biyun suna kunne ko duka a kashe. Ba ta iyawa, domin layi ɗaya miƙaƙƙe ba ya raba waɗannan amsoshi. An san cewa ƙarin hawa zai magance wannan, sai dai babu wata sananniyar hanya ta horar da hawayen tsakiya. Ga kuma rahoton Lighthill a Birtaniya a 1973, wanda ya sa aka tsuke bakin aljihu ga binciken ƙirƙirarriyar basira. Ka ga Hinton ya shiga fagen daidai lokacin da jama'a ke watsewa.

Baffa Sule:
To yaya aka yi da hawayen tsakiyar?

Dakta Hauwa:
Baffa, bari in karɓi wannan, don shi ne abin da na fi so in koyar. Ka ɗauki ragar kamar dubban ƙananan ma'aikata jere sahu-sahu. Kowane ɗaya yana karɓar lambobi daga sahun da ke gabansa, ya auna kowace da irin nauyin da ya ba ta, ya tara, ya miƙa sakamako ga sahu na gaba. Sahun ƙarshe ne ke faɗin amsa. Idan amsar ta fito ba daidai ba, sahun ƙarshe ya san kuskurensa, tunda ga amsar gaskiya a gabansa. Na tsakiya fa? Ba wanda ya gaya masa abin da ya kamata ya faɗa.

Dabarar ita ce a mayar da kuskuren baya. A lissafa: da wannan nauyin ya ƙaru kaɗan, kuskuren ƙarshe zai ragu ko zai ƙaru, kuma da nawa? Kai da ka koyar da lissafi ka san ta, ƙa'idar sarƙa ce ta kalkulas, ba wani sabon abu ba. Ana farawa daga ƙarshe ana komawa baya sahu bayan sahu, kowane nauyi ya sami rabonsa na laifi, a ɗan gyara shi. A maimaita sau dubbai, ko miliyoyi.

Maƙalar da ta sa duniya ta waiwayo ita ce ta 1986 a mujallar Nature, ta David Rumelhart da Hinton da Ronald Williams. Abin da ya fi burge ni a cikinta gwajin dangantaka ne. Suka ba ragar bayanan iyalai biyu, ɗaya na Ingilishi ɗaya na Italiyawa, mutum 24, da jimloli irin su wane uban wane ne, wance gwaggon wane ce. Ba su gaya mata komai game da ƙasa ko tsara ba. Da suka leƙa cikin hawan tsakiya bayan horo, sai suka ga wata jijiya ta ware Ingilishi daga Italiyawa, wata ta ware kakanni daga iyaye daga jikoki, wata ta ware ɓangaren dangi. Ita da kanta ta gano siffofin da take buƙata. Wannan tunanin, cewa na'ura ta ƙirƙiro wa kanta hanyar wakiltar abubuwa, shi ne zaren da ya ratsa aikin Hinton daga farko har yau.

Baffa Sule:
Madalla, Dakta. Ƙa'idar sarƙa! Na koyar da ita shekara da shekaru ban san tana can tana wannan aiki ba. Allah ya yi albarka.

Injiniya Kabiru:
Ina son in gyara wani abu kafin ya zauna a zukatan ƙannenmu. Ba Hinton ne ya ƙirƙiro dabarar mayar da kuskure baya ba, kuma shi ma bai ce shi ne ba. Seppo Linnainmaa, ɗan Finland, ya rubuta lissafin a 1970. Paul Werbos ya kawo ta a kundin digirinsa na uku a Harvard a 1974. Shun-ichi Amari da Kunihiko Fukushima a Japan sun yi ayyuka masu nauyi a kan ragar jijiyoyi tun kafin 1986, Fukushima ma a 1980 ya fitar da tsarin gane hoto mai hawa-hawa wanda na yau suka gada. Jürgen Schmidhuber, wani masanin fannin, ya daɗe yana ƙorafin cewa ba a ba waɗannan mutane haƙƙinsu ba. Ana iya ƙin salon maganarsa, amma ranakun da yake kawowa suna nan a rubuce.

Nasiru:
Injiniya, ai kowane mai nasara sai an samu masu cewa su suka riga shi.

Injiniya Kabiru:
A'a ƙanena, wannan ba hassada ba ce, amana ce ta ilimi. Werbos ya riƙe dabarar shekara 12 kafin 1986 kuma kusan ba wanda ya kula. Wannan ya shafi tambayar Zainab kai tsaye: ga mutum mai ra'ayi daidai, a lokacin da bai dace ba, a wurin da ba masu saurare. Gaskiyar ra'ayinsa ba ta ishe shi ba.

Dakta Hauwa:
Na yarda da Injiniya a kan tarihi, amma ina ganin daga nan ne za a gane abin da Hinton ya yi dabam. Ba zama ya yi shi kaɗai a ɗaki yana jiran duniya ta gane shi ba. Da ya ga Birtaniya ba wuri, ya tafi San Diego inda su Rumelhart ke da irin tunaninsa. Daga 1982 yana Carnegie Mellon. Da Terry Sejnowski suka ƙirƙiro na'urar Boltzmann, suka aro lissafin daga kimiyyar fiziks ta yadda ƙwayoyin abu ke daidaita kansu gwargwadon zafi. Yann LeCun ya zo wurinsa a Toronto a 1987 bayan ya gama digirinsa a Faransa. A ko'ina ya sauka sai ya tara mutane. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma shi ya san haka tun da wuri.

Malam Bashir:
Ki ƙara da masu biyan kuɗin, Dakta. A 1987 ya bar Amurka ya koma Kanada, kuma ya faɗi cewa ɗaya daga cikin dalilansa shi ne yawancin kuɗin binciken wannan fanni a Amurka daga ma'aikatar tsaro suke fitowa, shi kuma bai so. A Kanada ya sami cibiyar CIFAR, wadda ke tallafa wa bincike mai dogon zango ba tare da ta tsare mutum da neman sakamako a ƙarshen kowace shekara ba. A 2004 ta buɗe wani shiri a ƙarƙashin jagorancinsa wanda ya haɗa shi da LeCun da Yoshua Bengio da wasu, a daidai lokacin da ambaton ragar jijiyoyi a maƙala kan iya sa masu tantancewa su ture ta gefe. Juriyar mai bincike tana buƙatar wani mai juriyar biyan albashinsa. Wannan ɓangaren ne ba a cika faɗa wa ɗalibai ba.

Zainab:
Malam, to me ya sa bayan 1986 abin ya sake lafawa? Na ɗauka tunda an sami hanyar horarwa shi ke nan.

Malam Bashir:
Abu uku suka taru. Kwamfutoci ba su da ƙarfi. Bayanan horarwa ba su da yawa. Sannan idan hawa ya yi yawa, saƙon kuskuren yana dusashewa kafin ya isa hawayen farko, sai su ƙi koyon komai. A shekarun 1990 wasu hanyoyin lissafi suka fito waɗanda suka fi sauƙin fahimta, suna da hujjoji tsaf, kuma a kan ƙananan bayanai suna yin daidai ko su fi. Mai hankali a lokacin yana da dalilin bin su. Ko da yake ba a mutu gaba ɗaya ba: ragar LeCun a Bell Labs tana karanta lambobin da aka rubuta da hannu a jikin cakin banki a Amurka. Amma ana ganin wannan a matsayin ɗan ƙaramin lungu.

A 2006 Hinton da Simon Osindero da Yee-Whye Teh suka nuna hanyar horar da raga mai zurfi hawa ɗaya bayan ɗaya kafin a gyara ta gaba ɗaya. Daga nan maganar koyo mai zurfi ta fara yawo. A 2009 ɗalibansa Abdel-rahman Mohamed da George Dahl suka gwada ta a kan gane sautin magana, ta ba da sakamako mai kyau har manyan kamfanoni suka ɗauka.

Injiniya Kabiru:
Sai 2012, wadda ni a wurina ita ce shekarar da ta nuna cewa labarin ba na mutum ɗaya ba ne. Ku dubi abin da ya haɗu. Fei-Fei Li da abokan aikinta sun shafe shekaru suna tara ImageNet, miliyoyin hotuna, kowanne an sa masa suna da hannun ɗan Adam, ta hanyar dubban ma'aikata a dandalin Amazon Mechanical Turk. Ita ma a lokacin an ce mata ɓata lokaci take yi. Gasar da aka gina a kai tana da hoto kusan miliyan 1.2 na horarwa, rukuni 1,000. A gefe guda kamfanin Nvidia yana ƙera katunan sarrafa hoto na cikin kwamfuta don masu wasannin kwamfuta, waɗanda aka gano sun dace da irin ninkin lambobin da raga ke buƙata. Sai ga Alex Krizhevsky, wanda ya iya matse kowane ɗigon ƙarfi daga waɗannan katunan, da Ilya Sutskever wanda ya dage cewa a gwada a kan ImageNet. Kati biyu na GTX 580 suka yi amfani da su, horo na kwana 5 zuwa 6, raga mai hawa 8 da nauyi miliyan 60. Kuskurensu kashi 15.3 cikin 100. Na biyu yana da 26.2. A gasar da ake murna idan an rage kashi ɗaya ko biyu, wannan tazara ta rufe bakin kowa.

Cire hotunan Fei-Fei Li, babu wannan rana. Cire katunan, babu. Cire hannun Krizhevsky, babu.

Nasiru:
Cire Hinton kuma fa, Injiniya? Wa ya horar da Krizhevsky da Sutskever? A ɗakin binciken wa suka tarar da wannan tunani a raye, alhali sauran wurare sun binne shi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Da katunan suka zo, da hotunan suka zo, mutanen da suka shirya su ne waɗanda suka yi shekaru suna abin da aka ce ba shi da amfani.

Injiniya Kabiru:
Wannan kam ka faɗi gaskiya, na karɓa.

Dakta Hauwa:
Nasiru ya taɓo wurin. Amma ina son Zainab ta lura da wani abu da kalmar kafewa ke ɓoyewa. Hinton ya riƙe tambaya ɗaya, bai riƙe amsa ɗaya ba. Na'urar Boltzmann da yake ƙauna, wadda ma kwamitin Nobel ya ambata, ba ita ake amfani da ita a manyan tsare-tsaren yau ba. Hanyar 2006 ta horar da hawa ɗaya-ɗaya, da aka ga ba a buƙatarta, ragar 2012 ba ta yi amfani da ita ba. A 2017 ya fito da tsarin kafsul don gyara raunin da yake gani a ragar gane hoto, bai karɓu sosai ba. A 2022, yana da shekara 75, ya gabatar da wata hanyar koyo da ba ta mayar da kuskure baya, saboda ya daɗe yana shakkar cewa ƙwaƙwalwa tana yin abin da maƙalarsa ta 1986 ta bayyana. Mutum ne da yake neman abin da zai maye gurbin aikin da ya sa aka san shi.

Akwai kuma yadda yake samo dabara daga abin da ke gabansa. Ya ba da labarin cewa ya lura ana yawan sauya ma'aikatan kanta a banki, sai ya fahimci ana yi ne don kada su saba har su haɗa baki su yi zamba. Daga nan tunanin ya zo: a lokacin horo a riƙa kashe wasu jijiyoyi ba tsari, kowane zagaye wasu dabam, don kada su dogara da juna su haddace misalai maimakon su koya. Wannan dabara tana cikin abin da ya taimaki ragar 2012.

Malam Bashir:
Kuma ya yi kuskure a bainar jama'a, a fannin Dakta ma.

Dakta Hauwa:
Ƙwarai, Malam, kuma wannan ya taɓa ni. A 2016 ya ce a daina horar da likitocin da ke karanta hoton cikin jiki, wai cikin shekara biyar na'ura za ta fi su. Shekarun sun wuce, asibitoci na ci gaba da neman waɗannan likitoci. Na san ɗaliba mai hazaƙa da ta fasa shiga fannin saboda irin wannan magana da ta yi ta yawo a lokacin, kuma har yau abin yana damuna. Ina aiki da waɗannan manhajoji kullum. Suna taimakawa sosai wajen nuna inda ya kamata ido ya tsaya. Amma manhajar da aka horar da hotunan na'urar wani asibiti takan yi rauni idan aka kai ta wani, kuma aikin likita ya wuce kallon hoto: yana haɗa shi da tarihin mara lafiya, yana magana da mai tiyata, yana ɗaukar alhaki. Hinton ya san raga fiye da kowa, bai san asibiti ba. Daga baya ya yarda cewa ya yi gaggawa a maganar.

Baffa Sule:
Wannan ya kawo ni ga abin da na gani a labarai. An ce ya bar Google yana gargaɗin duniya a kan abin da ya gina. Idan ya yi kuskure a kan likitoci, me zai sa mu saurare shi a wannan?

Injiniya Kabiru:
Baffa, a 2013 Google ta sayi ƙaramin kamfanin da shi da ɗalibansa biyu suka kafa, a kan dala miliyan 44. Ya yi shekara 10 yana raba lokacinsa tsakanin kamfanin da Jami'ar Toronto. A watan Mayun 2023 ya ajiye aikin, ya ce yana son ya yi magana a kan haɗarin ba tare da tunanin yadda za ta shafi kamfanin ba. Hujjarsa mafi ƙarfi a wurina ta injiniyanci ce. Abin da ni na koya ba zan iya zuba shi cikin kanka ba sai ta magana, a hankali, jimla bayan jimla. Amma kwafi dubu na raga ɗaya za su iya karanta abubuwa dubu mabambanta, su haɗa gyaran nauyinsu, kowanne ya san abin da sauran suka koya nan take. Ya ce da yana ganin ƙwaƙwalwa ta fi, yanzu yana ganin ta wannan fuska na'ura ta fi. LeCun, wanda suka karɓi lambar Turing ta 2018 tare da shi da Bengio, bai yarda da tsoron ba sam, yana ganin tsare-tsaren yau ba su fahimci duniya ko kusa da yadda dabba ke fahimta ba. Bengio kuma yana ɓangaren Hinton. Mutum uku, lamba ɗaya, sun rabu biyu.

Malam Bashir:
Ni ina raba maganarsa gida biyu. Abin da ya ce game da labaran ƙarya da hotunan bogi, da rasa ayyukan yi, da makamai masu sarrafa kansu, wannan muna ganin alamunsa, kuma ya yi daidai da mutumin da ya bar Amurka a 1987 saboda kuɗin soja. Ba jiya ya fara wannan damuwa ba. Amma idan ya sa lamba, ya ce akwai yiwuwar kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na'ura ta kawo ƙarshen ɗan Adam, wannan hasashe ne na mutum mai ilimi, ba sakamakon gwaji ba. Ina saurarensa da girmamawa, ina kuma tuna 2016.

Nasiru:
Ni abin da ya tsaya mini shi ne mutum ya kai shekara 75, duniya na yaba masa, ya fito ya ce wani ɓangare na zuciyarsa yana nadamar aikin rayuwarsa. Ba ƙaramin abu ba ne. Kuma bayan Nobel ta 2024, wadda ya raba da John Hopfield, bai sassauta ba, ya ma ƙara amfani da damar wajen maimaita gargaɗin.

Zainab:
Na gode ƙwarai, na karanta komai sau biyu. Amma ku bar ni in dawo da ku kan matsalata, don ranar Litinin zan koma wurin malamina. Abin da na fahimta: ina da tambaya da na yarda da ita, amma ba ni da CIFAR, ba ni da tawaga, kuma tallafin karatuna na shekara uku ne, ba 40 ba.

Malam Bashir:
To ki saurare ni, 'yata. Na duba ɗalibai da yawa, kuma na taɓa hana wani bin ra'ayinsa saboda tsoron kada ya ƙare ba maƙala. Ya bi maganata, ya gama lafiya, amma hasken da na gani a idonsa a shekarar farko ban sake ganinsa ba. Ina tuna shi duk lokacin da irin wannan magana ta taso. Saboda haka ba zan ce ki bari ba. Ba kuma zan ce ki yi fito-na-fito da malaminki ba, domin tsoronsa na gaskiya ne, yana son ki fita da abin hannu.

Ki je masa da gwaji, kada ki je masa da imani. Wata shidan da Nasiru ya ambata, ki roƙe su, amma ki rubuta tun yanzu wane sakamako ne idan kin gani za ki ce ra'ayin bai yi ba. Ki sa hannu a kai ke da shi. Sannan tambayarki ba ta yi nisa da abin da yake so ba kamar yadda kike zato. Hinton da Oriol Vinyals da Jeff Dean sun rubuta maƙala a 2015 a kan yadda babbar raga za ta koyar da ƙarama, ta tace mata abin da ta sani. Ƙaramar ba amsar ƙarshe kawai take koyo ba, tana koyon yadda babbar ta raba zatonta tsakanin amsoshi, wato ta san cewa wannan hoton kare ne, amma ya fi kama da kyanwa a kan mota. Wannan ƙarin bayani ne mai yawa daga misali ɗaya. Idan kika bi ta nan, kina aiki da manyan manhajojin da malaminki yake so, kina kuma amsa tambayarki ta koyo daga bayanai kaɗan.

Dakta Hauwa:
Ki kuma nemi mutanenki, ƙanwata. Akwai masu aiki a kan wannan tambaya a jami'o'i da dama, suna da tarurruka, da yawansu suna amsa wasiƙar ɗalibi idan ta nuna an karanta aikinsu. Mutum biyu ko uku da za ki riƙa nuna wa sakamakonki duk wata sun isa a fara. Ni ma ki sa ni a ciki, domin ƙarancin bayanai shi ne ciwon kanmu a hotunan cututtukan da ba a cika samu ba. Wani lokaci misali 200 kawai muke da su a duniyar da manhaja ke son dubu ɗari.

Injiniya Kabiru:
Tambaya ɗaya kafin Litinin, Zainab, don ita malaminki zai fara yi miki: da me za ki gwada? Idan kin ce hanyarki ta fi, ta fi wace?

Zainab:
Da biyu, Injiniya. Na farko, ƙaramar raga da aka horar daga tushe a kan bayanan nan kaɗan. Na biyu, babbar manhaja da aka riga aka horar, aka ɗan gyara ta da bayanan. Idan ƙaramar da babba ta koyar ba ta doke ta farko da tazara bayyananniya ba, ko kuma ta kasa matsowa kusa da ta biyu, a gwaji biyar, kowanne an fara horon da nauyin farko dabam, zan rubuta cewa bai yi ba in koma kan abin da malamina ya zaɓa. Dakta, zan turo miki daftarin daren Asabar in sha Allah, ki duba mini ko rabon bayanan gwajin ya yi daidai, don ina tsoron kada hotunan mara lafiya ɗaya su faɗa ɓangaren horo da na gwaji a lokaci guda.

Dakta Hauwa:
Ki raba su bisa mara lafiya, ba bisa hoto ba, kuma ki ware na asibiti ɗaya gaba ɗaya ki ɓoye shi har ranar ƙarshe. Turo, ina jira.